Kuɗin Kawu da Tokar Kaka

Abin da na fara gani a gidan Kawu a Yelwa kwaɗon ƙofa ne. Ban taɓa ganin kwaɗo yana ƙyalli ba sai ranar. Namu na Wara ja ne don tsatsa, sai an ɗiga masa man gyaɗa yake yarda ya buɗe. Wannan kuwa rana ta buge shi ya mayar mini da ita cikin ido, har na tsaya da akwatina a ka ina ƙifta ido kamar wadda aka taso daga barci.

Da na shiga ciki na ga ashe kwaɗon somin taɓi ne. Faranti, tasoshi, murafen tukwane, bokiti, har gindin tukunyar da ake ɗorawa a murhu, duk an jingina su da bango suna shan rana suna walƙiya. A tsakiyarsu Kaka ce zaune a kan kujera 'yar tsuguno, gabanta kasko cike da toka, gefe ɓarin lemun tsami da wani lallausan yashi da ake ɗebo mata daga bakin tafki. Na durƙusa na gaishe ta, amma ni kaɗai na ji gaisuwar.

Ta ce, "To, ga 'yar boko ta iso. Ke, ba a gaisuwa a Wara, ko bakin ya faɗa ruwa a hanya?"

Na sunkuyar da kai. Ta leƙo fuskata ta ce, "Ido dai kam akwai shi, tubarkalla. 'Yar kallo anka aiko muna." Sunan da ya bi ni ke nan.

A shekarar da aka ba mu jiha ne na samu shiga makarantar sakandare a Yelwa, ta jeka-ka-dawo, shi ya sa Innata ta kawo shawarar in zauna wajen yayanta. Kawu direban jirgin ruwa ne a ofishin masu kula da kamun kifi. Shi ne ɗan farin Kaka, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Kafin in zo, an ce da bango take aika masa saƙo, wani lokaci da akuya. Da na zo sai na gaji akuyar. Yana zaune a tabarma, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba, sai ta dube ni ta ce, "Ki gaya ma Direba tuwonshi na hucewa." Shi kuma ya dube ni ya ce, "Ki ce ma Inna na ji." Ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba, don saƙon kan isa tun ban buɗe baki ba.

Aikina na safe shara ne. A ƙarƙashin gadon Kaka na ga abu ɗaya tak a duk gidan da bai san toka ba: wani tsohon shantali na tagulla, irin na alwala, ya yi baƙi, bakinsa ya yi kore-kore. Wuri ɗaya ne kawai yake da haske, a saman mariƙinsa, daidai inda babban yatsa yake zama. Na jawo shi zan fitar da shi wajen wanke-wanke, Kaka ta ce daga bakin ƙofa, "Share ki bar shi inda kinka gan shi." Na mayar da shi inda yake. Daga baya Kawu ya faɗa mini, muna ɓarar gyaɗa, cewa na marigayi mahaifinsa ne. Lokacin da ruwan dam ya taso zai cinye gungunsu, wato tsibirin da suke zaune, aka kwashe mutane, Kaka a cinyarta ta ɗora shi cikin kwalekwale, ta bar wasu kayan da suka fi shi tsada.

Shi ma Kawu yana da nasa abin da bai san toka ba, sai dai nasa a kulle yake. Ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya jira su bushe sarai, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba. Jan ƙyalle ne a jikinsa, ya koɗe. Cikinsa an shimfiɗa wani yadi mai laushi, kuma kowane kuɗi da raminsa daidai shi: ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, taro mai kusurwoyi, sisi, sule, fataka. Kuɗin da ne, na kafin naira. Wani Bature ne ya ba shi, wanda Kawu ya yi ta yawo da shi a jirgi yana auna zurfin kogi tun ba a gama dam ba. Ranar da zai koma ƙasarsu ya miƙa masa, ya ce waɗannan daga inda ake buga kuɗi aka sa su a akwatin nan, ba su taɓa shiga kasuwa ba, hannun kowa bai taɓa su ba.

Kawu ya riƙe maganar nan kamar wasiyya. In zai ɗaga ɗaya, da farin hankici yake kama shi ta gefe. In zai yi magana sai ya kau da kai, kada tururin bakinsa ya sauka a kansu, don haka duk bayanin da ya taɓa yi mini a kan kuɗin nan bishiyar darbejiya yake kallo.

Duk da wannan tattali, shekaru sun yi aikinsu. Kwabon da ɗarin sun yi duhu, farare kuma sun dusashe kamar sararin sama kafin hadari. Wannan ne ciwon Kaka.

Takan ce, "Ki gaya ma Direba, kuɗɗin da ba su taɓa sayen ko daddawa ba, ba kuɗɗi ba ne, maɓallan riga ne. Kuma ki tambaye shi, a bandar kifi yake ajiye su? Sun yi kalar tarwaɗa."

Kawu ya ce wa darbejiya, "Ki ce ma Inna haka anka san su. Tsufansu ne."

"Ni ma tsohuwa ce, amma ina wanka."

A wannan lokacin ne aka mayar da naira ɗaya ta ƙarfe, mutane suka yi ta juya ta a hannu suna tuna sule da fataka. Sai ga wani mutum ya fara baza tabarma ranar kasuwa kusa da 'yan kifi, yana sayar da tsofaffin kuɗi a jere a kan kwali, an lulluɓe da leda. Yana cewa na gidan buga kuɗi ne, sababbi fil. Wata ranar kasuwa Kaka ta tafi sayen manja ta dawo tana tafiya irin ta wanda ya ci shari'a. Ta jira Juma'a. Da Kawu ya buɗe akwatinsa, ta shiga ɗaki ta fito da farantinta mafi ƙyalli, ta ɗora kwalin a kai, ta ba ni ta ce in ajiye kusa da nasa.

Gaskiya sun yi kyau. Kwabon ja wur kamar garwashi, sulen kuwa har ina ganin hancina a ciki. Na Kawu a gefensu sai suka zama kamar marayu.

Kaka ta ce, "Ki gaya ma Direba ga irin nashi nan anka zube a ƙasa kusa da 'yan kifi, har da ragi anka yi min. Kuma nawa sun san ruwa."

Kawu ya sunkuya a kan farantin. Ya ɗauki kwalin, ya juya shi, ya karkata shi wajen rana, ya kai shi hanci. Sai ya yi murmushi ya miƙo mini.

"'Yar kallo, ga aikinki ya samu. Duba da kyau. Mi kinka gani?"

Na duba. Abin da na fara gani bakin ledar ne. An naɗe shi an manne da wuta, ga ɗan baƙin hayaƙin kyandir a wurin, kamar yadda masu tebur suke manne ledar sukari. Na nuna da yatsa. Kawu ya gyaɗa kai. Na juya bayan kwalin, ta inda takardar da aka liƙa ta ɗan ɗaga, ana ganin jan rubutu na kwalin sabulu. Na nuna wannan ma.

Ya ce, "Madalla. Yanzu dubi ramukan." An yanka su ne da reza, wani ya yi wa kuɗin yawa har yana rawa, wani ya matse shi har kwalin ya tattare. Ramin taro zagayayye ne, alhali taro yana da kusurwa. A akwatin Kawu kuwa kowane rami ya rungume kuɗinsa, na taro har kusurwoyinsa an fitar.

Sai ya sa ni in karanta shekarar da ke jikin kowanne. Nasa duk shekara ɗaya ce, kamar 'yan aji ɗaya. Na kwalin kuwa kowa da tasa, sisin ya girmi sulen, kwabon ya girme su duka. Ya nuna mini kan Sarauniya a jikin sule. A nasa ana iya bin gashinta sili-sili, kambinta da tsininsa. A na kwalin kumatunta da kambin sun shafe sun yi sumul, don ta sha yawo daga aljihu zuwa lalita, daga lalita zuwa ƙullin bakin zane. Gefen nasa yana da kaifi, na wancan ya dakushe.

Ya ce, yana kallon darbejiya, "Kuɗɗi ne na gaske, ba jabu ba ne. An kashe su a kasuwa, sun yi aikinsu. Amma jerin nan mutum ne ya tsinto su ɗaya-ɗaya ya haɗa a ɗakinshi. Ba haka sunka fito ba."

Akwai abu ɗaya da ni na gani wanda bai nuna mini ba, kuma na daɗe ina juya kwalin kafin in yarda da idona. In haske ya faɗo a karkace, fuskar kowane kuɗi cike take da ƙananan zane, sirara ƙwarai, suna zagaye suna bin juna. Na san zanen nan. Kullum ina ganin sa. Na ɗaga farantin da aka kawo kwalin a kai, na karkata shi kusa da sulen. Iri ɗaya ne sak. A cikin lungun haruffa kuma, inda yatsa ba ya shiga, ga ɗan farin gari ya maƙale.

Kawu ya fashe da dariya har ya manta ya kau da kai, sai da ya yi sauri ya rufe akwatinsa.

"Ki ce ma Inna, toka da lemu ne! Ki ce mata ga shaida nan a farantinta."

Na ɗauka Kaka za ta ji haushi an sayar mata da abin da ba shi ba. Ta karɓi kwalin, ta kai shi nesa da ido, ta kawo shi kusa, ta yi ta duban zanen nan. Sai ta ce, cikin girmamawa, "Ko wa ya goge wanga, ya iya aiki. Dubi yadda ya bi da hannu, bai tsallake ko'ina ba. Uwa tagari ta rene shi."

"Ki ce ma Inna gugar nan ita ta kashe su. Ta cinye fatar da sunka fito da ita, kuma ba ta dawowa."

"Ki gaya ma Direba, abin da anka so shi aka gogewa. Nashi ba su da gata ne. Amma kada ya damu, ina nan. Ranar da Allah ya ba ni sa'a, kafin a kira azahar zai ga fuskarshi a cikin kwabon nan."

Ta faɗa tana dariya, amma na ga Kawu ya daina tasa. Ya san uwarsa. Ita ce ta taɓa goge masa agogon hannu yana barcin rana har lambobin gefe suka ɓace. Kuma ba shi da bakin da zai ce mata kul. Iyakarsa ya ce wa darbejiya, "Ki ce ma Inna don Allah," ita kuwa ta ce darbejiya ba ta isar da saƙon ba.

Ba a daɗe ba aka kira ma'aikata Birnin Kebbi, ana raba waɗanda za su zauna a sabuwar jiha da waɗanda za su koma Sakkwato. Kawu zai yi kwanaki. Ya so ya tafi da akwatin, sai ya tuna damina ce, motar da za ta kwashe su kuma a buɗe take, masaukin ma bai san da wa zai kwana ba. Ɗakinsa kuwa ba wurin ɓuya ba ne, don Kaka tana da mabuɗin kowane kwaɗo a gidan, tunda ita take goge su. Ranar da zai tafi na gan shi yana zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya leƙa rufin ɗaki, ya leƙa cikin tsohuwar komar kamun kifi da ke zaure. Daga ƙarshe ya naɗe akwatin a leda da tsumma, ya shiga ɗakin ajiya, ya tura shi can cikin buhun shinkafar da aka aiko daga Shanga, har hannunsa ya nutse zuwa gwiwa. Ya fito yana kakkaɓe hannu, ya gan ni tsaye da tsintsiya.

Ya ce a hankali, "Ke ba ki ga komi ba. Amma ki sa min ido."

Na gyaɗa kai. Abin da na kasa faɗa masa shi ne, buhun nan Kaka take buɗewa kowace safiya, kuma ba ta ɗiba daga sama. Takan tura hannu can ciki ta juya, wai don ta ji ko danshi ya shiga. Na bi shi har zaure da maganar a bakina. Ya hau bayan ɗan kabu-kabu, ya ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga masa, maganar tana nan inda take.

Washegari Asabar ce, ba makaranta. Ina wanke kayan makarantata na ji guɗa daga ɗakin ajiya, 'yar gajeriya, irin ta tsofaffi. Kaka ta fito da ƙunshin a hannu, ƙwayoyin shinkafa suna zuba daga tsumman.

"'Yar kallo! Zo ki ga abin da shinkafar Shanga ta haifa. Da Direba ɓarawo ne da yunwa ta kashe shi."

Ta zauna a kujerarta, ta kwance tsumman, ta ɗora akwatin a cinya. Ta ce in zubar da tokar jiya in ɗebo sabuwa, in tankaɗe ta da rariya, don aikin na manya ne. Na je na ɗebo. Na tankaɗe a hankali, na sake tankaɗewa, ina fatan wata maƙwabciya ta yi sallama. Ba wadda ta yi. Ta ce in kawo lemu, na kawo mafi bushewa a kwandon. Ta matsa shi ta jefar, ta tashi da kanta ta zaɓo mai ruwa, ta yanka shi biyu. Ƙamshinsa ya cika tsakar gida.

Ta buɗe akwatin. Rana ta faɗa ciki, kuma a karon farko na ga kuɗin nan ba Kawu a tsakaninmu. Duhun kwabon ba datti ba ne. Launi ne mai zurfi, daga gefe ya fi duhu, yana yin haske zuwa wajen hudar, kuma ba zane ko ɗaya a kansa. Na tuna yadda Kawu yake jiran hannunsa ya bushe. Na tuna zai dawo da ƙurar hanya, ya tura hannu cikin buhu, ya buɗe, ya ga hancinsa a cikin sule, kuma ba zai iya cewa komai ba sai dai ya dubi darbejiya.

Kaka ta tsoma ɓarin lemun a toka. Ta ce, "Da wanne za mu fara? Da wanga mai kusurwa, shi ya fi kowa ƙazanta."

Kuɗin Kawu suna nan har yau da duhunsu, ina ajin ƙarshe yanzu, kuma duk Juma'a ana fito da su. Kwalin Kaka yana rataye a ƙusa a ɗakinta, ta farke ledar tuntuni don ta riƙa bi da toka, Sarauniya ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. In an tambaye ta labarin ranar, cewa take lemun ne bai da kyau, shi ya sa ta fasa, ta mayar da akwatin cikin buhu da hannunta. Takan ƙara da cewa a yi hankali da mai shiru, ita ta riƙi maciji a gida tana ba shi tuwo. Kawu bai taɓa sanin an buɗe ba, sai dai ya yi mamakin yadda aka ɗaure tsumman da kyau fiye da yadda ya bar shi.

Ni dai abin da na sani shi ne, a ranar nan ƙafafuna ne suka fara tafiya kafin in yi shawara. Na shiga ɗakinta, na durƙusa, na jawo shantalin daga ƙarƙashin gado. Na kama shi ta gindi da bakin zanena, don kada in taɓa wurin yatsan. Na fito na ajiye shi a gabanta kusa da kaskon toka, na durƙusa, na ɗauki ɗaya ɓarin lemun. Kaka ta dubi shantalin, ta dube ni, hannunta ya tsaya a sama. Muryata ta fito, kuma a wannan karon ba ni kaɗai na ji ta ba.

Na ce, "Kaka, tunda yau ranar wankan tsofaffi ce, don Allah ki bar ni in fara da wannan, ke kuma ki yi na Kawu."